Jinin da ya ƙi tsayawa

Ina da yaya da ban taɓa gani ba. Kwana 12 ya yi a duniya. Abin da na tashi na sani a kansa kaɗan ne: an yi masa kaciya a gida da safe, jini ya ƙi tsayawa, kafin asubar washegari ya koma ga Mahaliccinsa. Ba a ambaton sunansa a gidanmu. In zance ya biyo ta kansa, Inna takan miƙe ta shige ɗaki, Baba kuma ya kawo wata maganar.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu aka haife ni. Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu, ba mai taɓa ni da ƙarfe. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa ta da manya, ita dai amsarta ɗaya ce: ta ji, amma a bari ya ƙara ƙwari. Na shekara 3 ta ce a bari. Na shekara 7 ta ce a bari. Ina da shekara 9 Baba ya rasu, maganar ta bi shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Haka na girma da sirrin da ya fi ƙarfin shekaruna. A makarantar kwana ni ne mai tashi wanka tun kowa yana barci, ba don ƙwazo ba, don kada wani ya gan ni. Abin da ya fi cutar da ni ma ba kunyar ba ce, rashin sani ne. Maza da yawa a duniya suna rayuwarsu lafiya lau ba tare da kaciya ba, domin an koya musu cewa in yaro ya girma fatar da ke rufe kan gaba ta saki da kanta, sai ya riƙa janye ta a hankali, ya wanke da ruwa, ya tsane, ya mayar da ita inda take. Ni ba wanda ya koya mini, don a gidan da ba a zancen abu, wa zai koya maka kula da shi? Na shiga shekara 20 da 'yan kai sai ƙaiƙayi ya fara, wurin ya yi ja, ya riƙa tsagewa. In nemi man shafawa da kaina, ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Ban san cewa duk tsagar da ta warke tabo take bari ba, tabon kuma ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. Bakin fatar ya yi ta tsukewa, har ta kai in zan yi fitsari sai ta kumbura tukuna kafin ya fito. Maganar aure kuwa, duk wanda ya ɗauko mini ita sai in ce ban shirya ba.

Wani dare, ina da shekara 27, na ja fatar baya da ƙarfi don in wanke, ta wuce kan gaban ta maƙale. Na yi, na yi, ta ƙi dawowa. Cikin awa guda kan ya kumbura, launinsa ya fara sauyawa, zafi kamar an ɗaure da waya ana ja. Awa biyar na yi zaune a bakin gado ina gumi, ina auna zafin da kunyar in tuɓe gaban wani. Daga ƙarshe dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na tafi asibiti.

Likitan da na tarar bai nuna mamaki ba ko kaɗan, wannan kuma ba zan manta masa ba. Ya shafa maganin kashe zafi, ya naɗe wurin da ƙyalle mai sanyi, ya matse da hannunsa na wasu mintoci har kumburin ya ragu, sannan ya tura kan ya jawo fatar ta dawo. Ya ce tsukewar da na daɗe da ita sunanta fimosis, abin da ya same ni a daren kuma farafimosis, kuma shi ba a kwana da shi, don fatar tana shaƙe hanyar jini, in aka daɗe naman wurin yana iya mutuwa. Ya ce yadda tabon ya yi yawa, kaciya ce mafita. Yana rubutu ya tambaye ni, a hankali, ko akwai dalilin da ya sa ba a yi mini tun ina yaro ba. Na ba shi labarin yayana.

Sai ya ajiye biro. Ya ce, "Malam, an taɓa cire maka haƙori? Jinin ya daɗe? Gwiwarka ko gwiwar hannunka tana kumbura haka kawai? In ka bugu, jini yana kwanciya a ƙarƙashin fata fiye da na mutane?" Duk na ce a'a. Ya ce, "Mahaifiyarka tana da 'yan'uwa maza?" Na ce ban san ta da su ba. Ya ce in je in tambaye ta, kuma ba zai sa mini wuƙa ba sai ya ga sakamakon gwajin jinina.

Na sami Inna tana ninke kaya bayan la'asar. Ban taɓa yi mata magana mai nauyin wannan ba. Kaina a ƙasa na faɗa mata inda na kwana da abin da likita ya tambaya. Ta daɗe riƙe da zane ɗaya a hannu ba ta ninke ba, ba ta ajiye ba. Sannan ta ce tana da ƙane. Tun yana rarrafe gwiwoyinsa ke kumbura su yi zafi, ya kwana yana kuka. Yana da shekara 6 ya faɗi ya ciji harshensa, jini ya yi ta tsattsafowa kwana da kwanaki, har ya yi fari fat ya cika. Ta ce ranar da ta ga jinin ɗanta yana jiƙa tsumma bayan tsumma, ƙanenta ta gani. "Na san daga jikina yake," in ji ta. "Ban san sunansa ba, amma na san ni na ba shi. Shi ya sa na hana a taɓa ka. Gara ka ji haushina kana raye."

Shekara kusan 30 tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana ganin wani abu ne aka ɗora wa 'ya'yanta maza ta dalilinta.

Da na koma, likita ya zana mini abin a bayan takarda. Jini yana daskarewa ne ta hanyar wasu sinadarai da ke aiki bi da bi, kowanne da lambarsa, wannan ya tada wancan har ƙulli ya ƙullu a bakin rauni. In na 8 ya yi ƙaranci, shi ne hemofiliya nau'in A, wadda ke samun kusan namiji ɗaya cikin 5,000 da aka haifa. In na 9 ne, nau'in B ke nan, ita ta fi wuyar samu. Matsalar tana kan ƙwayar gado ta X. Mace tana da X biyu, in ɗaya ta sami tangarɗa ɗayar takan rufa mata asiri. Namiji kuwa ɗaya gare shi, daga uwa ya samo ta. Don haka duk ɗa namijin da mai ɗauke da ita ta haifa, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. 'Ya mace ma rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da ita. Ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai, cewa kusan ɗaya cikin uku na masu cutar ba a taɓa jin ta a danginsu ba, a kansu ta fara, kuma sau da yawa ranar kaciya ce ranar da take bayyana kanta.

Ya kuma sa na fahimci yadda yayana ya tafi da sauri haka. Jaririn da nauyinsa kilo 3 ne, duk jinin jikinsa bai fi mililita 250 da 'yan kai ba. Abin da babba zai zubar ya ce ba komai, a wurin jariri babban kaso ne na rayuwarsa. Ga shi tsumma da kunzugu suna shanyewa, ido ba ya ganin yawan abin da ya fita sai yaro ya yi sanyi, ya daina kuka, ya kasa kama nono.

Daga baya na yi ta bin tarihin cutar don in sami abin da zan kai wa Inna. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, babban likitan tiyata na Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, ya yi bayanin wasu maza da ƙaramin rauni ke kashewa da zubar jini. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da ita, ɗanta Liyofol ya gada, ta bi ta 'ya'yanta mata har gidan sarautar Rasha. Na zauna na faɗa wa Inna duk wannan, na ce ba baki ba ne, ba laifin kowa ba ne, gado ne kamar tsawo da launin fata. A ganina Inna ta yi abin da ilimi zai yi, ba tare da ɗakin gwaji ba: ta haɗa mutuwa biyu ta gane hanyarsu ɗaya. Abin da ya ɓace mata shi ne wanda zai ce mata akwai gwajin da zai raba gardama cikin 'yan kwanaki. Rashin wannan mutum ɗaya ne ya ci mini shekara 27.

Sakamakona ya fito lafiya. Sinadari na 8 da na 9 duk cif. Ni ne rabin da ya tsira. Aka gwada sukari, domin yawan kumburi da tsagewar wurin a jikin babba wani lokaci shi ne alamar farko ta ciwon sukari. Shi ma babu. Aka yi mini allurar tetanus, aka sa rana.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Allurar kashe zafin da ake zagaya gindin gaba da ita ce kawai na ji, daga nan sai motsin hannu da ƙarar almakashi. Zaren ɗinkin mai narkewa ne da kansa. Wahalar tana gida. Jikin namiji yakan motsa cikin barci ba da saninsa ba, ɗinki ya ja, ka farka a firgice kamar an soka maka allura. Ma'aikacin jinya ya ba ni dabara: in rage shan ruwa da dare, in yi fitsari kafin in kwanta, in kwanta a gefe in naɗe ƙafafu, in sa ɗan kamfai mai kama jiki da zai riƙe wurin sama don kumburi ya sauka. Kan gaban da bai taɓa gogar tufa ba ya yi makonni ko iska ta taɓa shi sai na ji. Na koma aiki bayan mako ɗaya ina tafiya a hankali. An ce mako shida kafin rauni ya haɗe sosai, kuma mai iyali ya haƙura da kusantar iyalinsa har su cika.

A ɗaya daga cikin ranakun duba ɗinki na tambayi likita maganar da nake ji, wai mai kaciya ba ya ɗaukar ƙanjamau. Ya gyara zama ya ce in saurara da kyau, don rabin gaskiya ta fi ƙarya haɗari. An yi manyan gwaje-gwaje uku a kan dubban maza, ɗaya a Afirka ta Kudu da aka fitar da sakamakonsa a 2005, sai na Kisumu a Kenya da na Rakai a Yuganda a 2007. Duka sun nuna kaciya tana rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙwayar cutar daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin hanyoyin rigakafi a 2007, musamman a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Ragi ne, in ji shi, ba sulke ba. Wanda kuma ya koma ga mace rauninsa bai warke ba, ƙofa ya buɗe wa cuta, ga kansa da ita.

Na warke, na yi aure bayan shekara ɗaya. Na so in rufe babin, amma zanen bayan takardar nan ya hana ni, saboda ina da ƙanwa.

Da ta sami ciki, hoto ya nuna namiji ne, na je na sami mijinta. Mutumin kirki ne, amma ya ɗauki maganar a matsayin tsoron tsofaffi. Ya ce, "Haba Yaya, a danginmu kaf ba a taɓa jin wannan ba. Abin da ya faru tun kafin a haife ku, ƙila hannun mai aikin ne ya kuskure." Na ce ba ta wajenku take zuwa ba, ta wajenmu ce. Ya yi murmushi irin na wanda ke girmama ka amma bai yarda ba. Nan na ga in ban buɗe cikina ba, yaron nan zai bi sawun yayana. Na faɗa masa abin da ban da likita da Inna da matata ba wanda ya sani: shekarun da na yi ina ɓuya, daren da na kwana a asibiti, ƙanen Inna da harshensa. Muryata tana rawa na gama. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Wane asibiti za mu je?"

An gwada ƙanwata, aka tabbatar tana ɗauke da ita. Sanin haka ya sauya komai tun daga ɗakin haihuwa. Likitoci suka shirya cewa ba za a jawo kan yaro da na'urar zuƙo ba, don gudun zubar jini a cikin kai. Yana faɗowa aka ɗebi jini daga igiyar cibiya, ba a ko soke shi ba. Bitamin K da ake yi wa jarirai allurarsa a cinya, shi ta baki aka ba shi. Sakamako ya fito: sinadari na 8 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wato mafi tsananin nau'in. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce, "Yaya, da yanzu fa mun yi masa." Ban iya ce mata komai ba.

Matsin lamba bai tsaya ba. Kowa ya zo sai ya tambaya, har yanzu ba a yi wa yaron nan ba? Surukina, wanda da ya yi mini murmushi, shi ya zama katanga. Likitan jini ya ce musu ba a hana shi kaciya ba, amma ba gaggawa. Ana iya yi in an ɗura masa sinadarin da ya rasa kafin aiki da kwanakin bayansa. Sai dai in aka tara wa jariri sinadarin da yawa a karon farko, jikinsa yana iya ɗaukarsa baƙo ya ƙera abin yaƙarsa, daga nan maganin ya daina yi masa aiki, kuma wannan babbar matsala ce ga wanda zai rayu da maganin. Don haka aka jira. Yana da shekara 4 aka kwantar da shi, aka ɗura masa sinadarin ta jijiya, aka auna aka ga ya hau, sannan aka shiga da shi. Kwana shida suka yi a asibiti ana ci gaba da ba shi, da wani magani mai hana ƙullin jini saurin narkewa. Aka ja musu kunne kan asfirin da ibufurofen, don suna ƙara zubar jini, farasitamol kawai. A rana ta uku bandejin ya ɗan jiƙe, na ga hannun ƙanwata yana karkarwa, nas ta danna wurin aka ƙara masa allura, ya tsaya. Yanzu yana makaranta, da katinsa a jaka mai bayanin cutarsa.

Nawa ɗan ya zo bayan wannan. Na san ba zai gada ta wajena ba, don uba ba X yake ba ɗansa namiji ba, ƙwayar gado ta Y yake ba shi, ni kuma ma ba ni da ita. Duk da haka sai da aka bi dangin matata da tambaya, aka tabbatar an yi masa allurar bitamin K, domin kowane jariri yana zuwa duniya da ƙarancinsa, kuma shi kaɗai ya isa ya sa jini ya ƙi tsayawa. Likitar yara ta tuɓe shi ta duba. Ta ce ba ta yi wa bakwaini sai ya yi ƙwari, ba ta yi wa mai zazzaɓi ko wanda shawara ta kama sosai, kuma dole ta ga inda ƙofar fitsari take. Akwai yaran da ake haifa ƙofar tana ƙasa, ba a tsakiyar kai ba. Irin waɗannan ba a yanke musu fatar, saboda da ita likitan tiyata zai yi gyara nan gaba. In an riga an yanke an yar, an jefar da kayan aikin. Na tambaye ta amfanin yi tun yana jariri. Ta ce rauni ya fi saurin warkewa, matsala ta fi ƙaranci, ba a cika buƙatar ɗinki ba, kuma cutar mafitsara a shekarar farko tana raguwa ƙwarai. Wanda ya sha ɗinki yana ɗan shekara 27 ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Abu ɗaya na tsaya a kai: a kashe masa zafi. Har yanzu akwai masu cewa jariri bai san zafi ba. Ya sani sarai, bakin faɗa ne ba shi da shi. Ta yi masa ƙaramar allura a gindin wurin, ta jira ta kama, sannan ta sa zoben roba da ake kira Plastibell ta ɗaure da zare. Ta ce zoben zai faɗi da kansa cikin mako ɗaya ko kwana goma, kada a ja shi. Ta lissafa mana abin da zai sa mu dawo ko tsakar dare ne: jinin da ke ɗiga ko tabonsa ke faɗaɗa a kunzugu, awa 12 ba fitsari, zazzaɓi, kumburi mai wari ko mugunya, ko zoben ya zame ya shaƙe tsakiyar gaban. Wani abu rawaya-rawaya da zai fito a kan wurin kuwa, ta ce alamar warkewa ce, kada a kankare, kuma kada a barbaɗa komai a kai.

Inna ta zo ta tare a ɗakin. Ba ta yarda kowa ya canja masa kunzugu ba. Duk bayan awa ɗaya sai ta buɗe, ta kai shi kusa da fitila, ta duba, ta rufe. Daren farko ba ta runtsa ba. Na fito wajen ƙarfe uku na same ta zaune da shi a cinya, yatsanta a tafin ƙafarsa tana jin ɗuminsa. Na ce, "Inna, ki ɗan kwanta, ni zan riƙe shi." Ta girgiza kai.

A rana ta bakwai da hantsi ta kira ni. Zoben ne a tafin hannunta, ɗan ƙarami, da baƙin zare a jikinsa. Kunzugun fari tas, ba ko ɗigo. Ta miƙo mini yaron, ta gyara ɗankwalinta, sannan ta faɗi sunan yayana, karo na farko da na taɓa ji daga bakinta, ta ce Allah ya jiƙansa. Muka ce amin. Ta shiga ɗaki ta kwanta, ba ta farka ba sai bayan azahar.